Gwaggo Tabawa Ta Zo Ganin Ƙudaje

Tun da aka kafa dokar, duk mai aiki a ramin haƙar yuraniyom yana yawo da 'yar kwalba a ƙugu, da ɓawon ayaba da ƙananan ƙudaje a ciki. Inda ya shiga, nan suka shiga. Idan gubar ramin ta hana ƙwansu ƙyanƙyashewa, to shi ma haihuwarsa sai an bincika.

Shi ya sa dangin Ramma, budurwar Ilu, suka turo Gwaggo Tabawa ta duba kwalbarsa kafin a sa ranar aurensu.

Ilu ya durƙusa, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Taka ce ko ta aro?" in ji Gwaggo. "Na san halinku."

"Tawa ce, Gwaggo. Ga hatimin likita nan, kwana goma ba a buɗe ba."

Matar da ƙuda bai isa ya sauka a madafarta ba ta ɗaga kwalbar saitin rana, ta ƙanƙance ido. A kan taga, kwalbar Sallau abokin aikinsa tana ajiye, babu abin da ke motsi a cikinta.

Can, a cikin kwalbar Ilu, wani farin abu ya motsa a jikin ɓawon. Sai wani, sai wani.

"Tsutsa!" Gwaggo ta rangaɗa guɗa. "Tubarkalla, ka ga ƙazanta mai albarka!"

Ta goge kwalbar da bakin mayafinta, ta miƙa masa.

"Rataya abinka, ɗana. Ranar suna, ƙudajen nan zan fara ba wa ayaba."