Tsabtar Tegan a Lisbon

Tun daga matakalar bene Tegan ta koma numfashi ta baki. Ƙarnin busasshen kifin da aka jiƙa kwana biyu ne ya tare ta, ya haɗu da warin kyanwa da na tsohuwar darduma.

Shekara guda ke nan da ta baro Bendigo ta ƙasar Ostareliya, tana karatun ƙwayoyin cuta a jami'ar garin Coimbra. Karatun ya bi jikinta, ko ƙofa da gwiwar hannu take turawa. Wannan ƙarshen makon saurayinta Duarte ya kawo ta Lisbon wurin kakarsa Graciete, wadda ta rene shi tun yana goye. A jirgin ƙasa ya fito mata a mutum: in tsohuwa ta ce a'a, maganar aure ta mutu.

Tegan ta sha alwashin daurewa, amma gidan bai taimaka mata ba. Kyanwa na hawa tebur tana lasar man shanu. Mijin tsohuwar, Abílio, yana zuƙo dodon koɗi daga ƙoƙonsa, romo na bin haɓarsa, yana tura mata kwano.

"Ci mana, amaryata. Ko a garinku iska kuke sha?"

Ta yi yaƙe. Tsumman goge kwanukan gidan kuwa ya yi baƙi ƙirin. Tawul ɗin wankan da Kaka ta ba ta ma ya tsufa har ya yi rawaya, ta ɗage shi da yatsa biyu ta ajiye a gefe.

A banɗaki ta sami abu guda da ya kwanta mata. Kusa da gajeren bahon wanke ƙafa akwai ƙananan tawul a rataye ƙasa-ƙasa, ɗayansu fari fat, yana ƙamshin sabulu. Da shi ta goge fuska ranar Juma'a. Da shi ta riƙa tsane buroshin haƙoranta, tana mayar da shi ƙusarsa don kada a ce baƙuwa ta yi ƙarambani. Kullum takan same shi da ɗan danshi, ta tsine wa iskar tekun Lisbon da ba ta barin komai ya bushe.

Kaka Graciete ba ta cika magana ba, sai kallo. Tegan ta lura duk sa'ad da ta tashi daga kujera, tsohuwar kan bi wurin da tsumma. Ta ce a ranta, ashe dai an san darajar baƙo.

Asabar ta wuce babu uhm babu uhm-uhm daga Kaka. Duarte ya shiga damuwa, abinci ma ya daina yi masa daɗi.

"Ki taɓa wani aiki mana," ya ce mata a baranda. "Ba ta son mace mai naɗe hannu."

Ranar Lahadi, ana dab da abincin rana, Tegan ta ce ita za ta shirya tebur. Ta dubi baƙin tsumman nan, ta dubi kofunan da ya bar wa maiƙo. Ta faki ido ta ɗauko farin tawul ɗinta. Faranti, cokali, wuƙa, kofin gilashi, babu wanda ba ta murje ciki da waje ba, har da kwandon burodi. Sannan ta cusa tawul ɗin a aljihun rigarta.

Aka ci kifi da dankali, aka sha, aka suɗe. Karo na farko Tegan ta ci abincin gidan hankali kwance, har da ƙari. Kaka ta ɗaga kofinta wajen hasken taga, ta juya shi, fuskarta ta saki.

"Shekara hamsin kofunan nan ba su yi wannan ƙyalli ba. Duarte, na yi wa yarinyar nan mummunan zato. Ina ganin za mu shirya." Ta dafa hannun Tegan. "'Yar nan, da me kika goge su?"

Daɗi ya kashe Tegan. Ta zaro tawul ɗin ta ɗaga shi sama.

Kaka ta janye hannunta kamar ta taɓa wuta. Ta toshe baki, ta tashi da gudun da ba a san tana da shi ba, daga banɗaki aka jiyo kakarin amai. Duarte ya ture farantinsa, ya kasa kallon kowa. Da tsohuwar ta fito, ba ta dawo tebur ba. Jakar Tegan ta jawo da ƙafa ta ajiye a bakin ƙofa.

"Me na yi?" Tegan ta ce. "Ni da na tsabtace muku gida?"

Abílio ne kawai bai motsa ba. Ya gyara tabarau, ya miƙo hannu a hankali.

"Bani abina, amaryata. Wancan gajeren baho na banɗaki ba na ƙafa ba ne, na tsarki ne, kuma wannan shi ne tawul ɗin da nake goge mazaunaina da shi safe da yamma."