Ruwan da Ya Kwana Cikin Jirgi

Bayan la'asar, a bakin tabkin Keita, Baba ya jingine tsohon jirgin alminiyom da ya saya a kan duwatsu, hancinsa sama. Da shi zai riƙa ƙetarar da 'yan kasuwa in damina ta cika tabkin. Ina gefe ina cin goruba, sai na ga yana ƙwaƙule wani rami a gindin jirgin da ƙusa.

Na ce, "Baba, huda shi kake? Ai nutsewa za ku yi!"

Can sai baƙin ruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya tsiyayo, ya daɗe yana zuba kan ƙafarsa.

Ya ce, "Ɗiyata, ruwan tabki ba shi kashe jirgi. Wanda yak kwana ciki, shi ka cin shi. In za mu shiga mu toshe, in mun hito mu buɗe."

Ranar da Baba ya rasu ban yi kuka ba, don ni ce babba, ni ke karɓar gaisuwa. Har yau ruwan nan yana kwance a ƙirjina, ban sami ƙusar ba.