Kwanon Ciyayya na Ranar Juma'a

Malam, na ji ka ce za ka tara yaran a fili ka raba musu abincin ƙarshen mako, har da mai ɗaukar hoto. Madalla da niyya, amma zauna tukuna, gaggawar nan taka tun kana rarrafe na san ta. Bari in ba ka misali.

An yi wata mata mai dafa wa yara abinci a makarantar firamare ta wani ƙauye. Daga Litinin zuwa Juma'a tukunyarta ba ta sauka daga murhu. Cikin masu bin layi akwai wata yarinya 'yar aji uku, siririya, ba ta da surutu. Matar ta lura duk ranar Juma'a yarinyar nan sai ta tsaya kankare ƙanzo, ta ƙulle a bakin ɗankwalinta. Ranar Litinin kuwa sai ta zo ido ya faɗa, tana gyangyaɗi tun kafin a kira suna. Da ta bincika, ashe uban ya tafi ci-rani shekara biyu babu labari, uwar kuma dakau take yi, ran da aka samu a ci, ran da babu a kwana haka. Wato daga azahar ɗin Juma'a zuwa hantsin Litinin, ƙanzon nan ne abincin yarinyar da ƙannenta biyu. Abin ya taɓa zuciyar matar ƙwarai, har ta yi hawaye a gindin murhu. Juma'ar da ta biyo baya ta ƙulla garin masara da wake da ƙuli-ƙuli daga nata rumbun. Sai dai ta yi wauta irin ta mai kirki: ana tsaye a layi, gaban ɗalibai da malamai, ta kira sunan yarinyar ta ce ta zo ta karɓa, tunda babu komai a gidansu. Kafin la'asar ƙullin ya dawo mata yadda ta ɗaure shi, ko kwance shi ba a yi ba. Yara kuma, ka san halinsu, suka laƙaba wa yarinyar 'yar sadaka. Litinin ba ta zo makaranta ba, Talata ba ta zo ba, har mako ya ƙare. Ka ga an je neman ƙiba an samo rama, don yanzu ko abincin kwana biyar ɗin ma ta rasa.

Matar ta yi ta juya abin a ranta, kunya ta ishe ta. Can sai ta tuna ciyayya, yadda maƙwabta ke aika wa juna kwano, kuma kowa ya san ba a mayar da kwanon ciyayya wayam. Ta wanke langarta mai kyau, wadda take kai wa surukai abinci da ita, ta zuba garin da waken a ciki, ta rufe da faifai, ta ɗauka da kanta. Ta yi sallama, suka gaisa da uwar, ba ta ko ambaci yunwa ba. Ta ce, “'Yar'uwa, an ce duk unguwar nan babu mai dakan kuka kamarki, ni kuwa miyar makaranta ta ƙi daɗi. Ga kwanona, a aiko mini da shi ran Litinin ta hannun yarinya.” Uwar ta daɗe tana duban langar. Ta gane sarai, ai ba yarinya ba ce. Sai ta sa hannu biyu ta karɓa.

Ran Litinin ga yarinya da langa a ka, cike da garin kuka, kore shar, mai laushi. Kukar bayan gari ce, ba a saya ba, amma sai da uwar ta tsinko, ta shanya a inuwa, ta daka, ta tankaɗe sau biyu. Tun daga nan kowace Juma'a langa ta tafi da nauyi, kowace Litinin ta dawo da nata. Sannu a hankali wasu gidajen marasa ƙarfi suka shiga ciyayyar, su ma ana kai musu kwano, wannan ta aiko da busasshiyar kuɓewa, waccan itacen girki, wata tsintsiya kawai, kuma duk aka karɓa da godiya. Wata rana ana cin tuwo, ɗaya daga cikin masu tsokanar nan ya lashe yatsa ya ce miyar yau ta yi daɗi. Yarinyar da ba ta magana ta ɗago kai ta ce, “Kukar Innata ce.” Matar tana jin haka ta juya baya, ta ce hayaƙi ne ya shiga mata ido.

To, Malam, ka ba su, ka ba su da yawa, amma ka bar musu ƙofar da su ma za su ba ka. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce zaman duniya cuɗe ni in cuɗe ka.