Faranti Na Arba'in Da Ɗaya

Ƙarfe tara na safe aka liƙa takarda a ƙofar ɗakin gwaji: bincike ya ƙare, yau za a zubar da farantai duka.

Injiniya ya karanta sau biyu. Shi ba injiniya ba ne, daga aji uku ya bar makaranta. Wayoyin wuta yake kula da su, da akwatin ɗumin da ake ajiye farantan, ma'aikata suka laƙaba masa sunan. Ya hau bene, a tsakiya jiri ya ɗebe shi, ya dafa bango har ya wuce. Tun rasuwar ƙaninsa Auta yake haka. Inna ta ce baƙin ciki ne, sai a hankali.

Shekara biyu ke nan da mahaifinsu ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar shagonsa, bai ƙara tashi ba. Dakta, mai jagorantar binciken, ta roƙi shi da Auta su ba da 'yar fata daga dantse, ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba. Ta ce akan juya ta ta koma ƙwayoyin zuciya, su riƙa bugawa a ɗan faranti, a gane ko ciwon na gado ne.

"Dakta, a yi hankali da ta Yaya," in ji Auta, yana naɗe hannun riga. "Tsoro ne zalla a ciki."

Dokar ɗakin ita ce ba a rubuta suna a faranti, sai lamba da kwanan wata. Sunayen suna cikin ambulan a liƙe, ko Dakta ba ta buɗewa sai aiki ya ƙare, don kada ido ya ga abin da rai ke so.

Wata bakwai da suka wuce Auta ya faɗo daga tsani yana fenti a hawa na uku. Kowa ya ce irin ta babansa ce.

Injiniya bai manta ranar da aka yanki fatarsu ba. Faranti biyu ne kawai ke ɗauke da wannan kwanan wata. Arba'in da biyu yana bugawa daidai kamar agogon bango, ba abin kallo. Arba'in da ɗaya kuwa ya buga uku, ya yi tsit, sannan ya zabura kamar wanda aka tasa daga barci. Ba sai an buɗe masa ambulan ba, ya san na Auta ne.

Kullum lokacin hutun rana, Anti mai ba ƙwayoyin abinci takan ɗora masa farantin a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta fita ta ja ƙofa. Ya zauna gaban allo ya ba shi labarin gida: har yanzu Inna kan zuba kwano uku ta tuna ta mai da ɗaya, rigar fenti tana nan a ƙusa, ba wanda ya iya wanke ta. In bugun ya tsaya, shi ma ya riƙe numfashi.

"Tashi mana, Auta." Sai ya tashi.

Yau, kafin Anti ta iso, ya tura arba'in da ɗaya can ƙuryar akwatin, bayan kwanon ruwa. Sauran ya jera su a tire, shi da kansa ya kai wurin wanki don kada a ƙirga. Arba'in da biyu ne a sama.

"Shekara biyu ina ciyar da ku kamar 'yan tsaki, ko na gode babu," Anti ta ce, tana tsiyaya musu bilic, ruwan kashe ƙwayoyi. Jan ruwan farantin ya koɗe ya koma fari. Injiniya yana riƙe da tiren, hankalinsa yana can bayan kwanon ruwa.

Da azahar Dakta ta same shi gaban allo, ya fito da farantin ya ɗora a ƙarƙashin madubin. Haki take, ambulan yagagge a hannunta.

"Tun ɗazu nake neman ka."

"Dakta, don girman Allah ki bar mini wannan kaɗai. Ni zan kula da wutarsa, ko a tsaye zan kwana. Shi ya rage mana."

Ta dubi lambar, ta dubi tiren da aka kife yana ɗiga, sannan ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa. A kan allo bugun ya tsaya. Ta jira, idonta a kansa, har ya dawo.

"Zauna tukuna, ɗana," ta ce a hankali. "Zuciyar Auta lafiyarta ƙalau, shi ne arba'in da biyu. Wannan da kake ta taso shi, kai ne."