Kiran Manu

Tun da aka binne Manu shanunsa suka ƙi kowa.

Garke ne da babu irinsa daga Rano har Kibiya, farare tas, kuma kowa ya san da kira ake juya shi. Kowace safiya Manu zai lallaɓa shi kaɗai bayan dutsen da ke gabas da rugarsa, kusa da Rurum Tsohon Gari. Can sai ka ji wata siririyar murya ta tsaga daji, shanu su miƙe su bi, ba sanda ba tsawa. Mutumin da ko gaisuwarsa sai ka kasa kunne kafin ta fito daga cikin rawani. Ya hana kowa binsa wurin, har ɗansa Ramalan. Mutane kuwa, da yake bakinsu ba ya azumi, suka ce da aljanun dutsen ya ƙulla.

Ya rasu da damina, shekarar da aka sauke tutar Turawa. Matarsa Fanta ta kife ƙwaryar tallan nonon da take sammako da ita kullum, ta shiga takaba. Ramalan ya ɗauki sanda.

Sandar banza. Ya yi kira har muryarsa ta dushe, shanu suka dube shi sheƙeƙe suka ci gaba da tuƙa. In ya kora gabas, su yi yamma. Ga ciyawa har gwiwa, amma suka bi suka rame, nono ya ƙafe, maruƙa suka fara mutuwa.

Bappa Mato, ƙanen marigayin, ya gaji da kallo.

"Dabbar da ta ƙi mai ita, wuƙa take nema," ya ce wa Ramalan. "Na aika wa fatake. Su kora su Kano a zuba a jirgin ƙasa, kafin a rasa har fatar."

Ramalan bai iya musu da bappansa ba, amma abin ya ci shi. Shanun nan tun kaka da kakanni suke haihuwa a gidan, ga shi a hannunsa za su ƙare.

Fatake suka iso da hantsi, da igiyoyinsu. Sun zarga wa babban bajimin igiya kenan sai kiran ya taso daga bayan dutse.

Shi ne. Siririyar muryar nan, har da ɗan karyewar da take yi a ƙarshe.

Igiya ta suɓuce. Wani falke ya runtuma ya bar takalminsa. Shanu suka ɗaga kai gaba ɗaya, suka jeru suka nufi dutse, har da ramammun da ba sa iya tashi sai an ɗaga su.

Bappa Mato ya damƙe hannun Ramalan. "Ya zo karɓar abinsa. Kada ka bi. Wanda ya amsa kiran matacce ba ya dawowa."

Tsoro ya kama Ramalan. Da hannunsa ya sa ubansa a kabari, da hannunsa ya jera itace. Amma wutsiyar saniya ta ƙarshe na ɓacewa a kwanar dutse, sai ya fizge hannunsa ya bi sawu.

Bai taɓa taka bayan dutsen nan ba. Wuri ne mai sanyi, ga inuwa, ko tsuntsu ba ya kuka. Shanu sun yi da'ira sun yi tsit. A tsakiyarsu wani abu na tsaye cikin farin ƙyalle tun daga kai har ƙasa, ya ba shi baya, bajimin yana lasar hannunsa.

Ramalan ya nemi Ayatul Kursiyyu ya rasa farkonta. Ya so ya gudu, ƙafa ta ƙi.

Abin ya juyo a hankali.

"Inna?"

Fanta ta gyara mayafinta, idonta jawur. "Allah ya yafe mini wannan fitar, takabata ba ta cika ba. Je ka ce wa bappanka ya sallami baƙinsa."

"To, muryar Baba fa? Yanzu na ji ta."

"Kana goye wani bajimi ya soki ubanka a maƙogwaro, muryarsa ta shaƙe," ta ce. "Tun daga ranar, in na yi sammakon tallan nono nan nake fara biyowa; shi zuwa yake yi ya tsaya a gefena, ni nake kira."