Jar Alawa a Aljihun Abba

"Tofar! Na ce ki tofar, Hamdiyya!"

Barira ta zaro alawar daga bakin 'yarta, amma aikin gama ya gama. Harshen ya yi jawur, awarwaron hukuma da ke hannun yarinyar ya fara ƙifta wuta. Tun da aka hana yara cin abinci mai kala, kowane yaro da nasa, kuma ba ya ciruwa. In ya kama launi, sai a raba yaro da uwarsa shekara guda.

Shekara biyu Barira tana kaffa-kaffa. Ko zoɓo ta daina dafawa don gudun tsautsayi.

"Wa ya ba ki? Faɗa mini!"

"Abba ne."

Barira ta waiwaya. Ga rigar mijinta marigayi Sagiru a ƙasa, wadda ta kasa bayarwa sadaka, aljihunta a zazzage. Kullum da jar alawa yake dawo wa 'yarsa daga kasuwa. Ashe akwai wadda bai kai ga miƙawa ba.

"Umma, kin gani? Bai manta da ni ba."

Barira ta riga ta ɗauko tsumma da lemon tsami za ta dirje harshen. Sai ta ajiye su. Ta mayar mata da alawar.

"Sha abarki, uwata. A hankali."

Sai ga sallama a ƙofa. Wata baƙuwar mata ce cikin farin hijabi, riƙe da 'yar jakar kayan yara mai tambarin hukuma, wayam.

"Ke ce maman Hamdiyya?"