Muryar Malam a Cikin Tsohuwar Kwamfuta

Ke da in an tambaye ki abin da ke damunki sai ki ce ba komai, ga misali, ki riƙe shi.

An yi wata mata da mijinta ke buga wa mutane takardu a zauren gidansu. Da Allah ya karɓi abinsa, aka raba abin da za a raba, 'ya'ya kowa ya kama gabansa. Ita aka bar wa tsohuwar kwamfutarsa don ba mai so, irin mai ƙaton ƙeyar nan, farinta har ya koma ruwan ɗorawa. To a cikinta akwai abu guda da ya fi mata duk gadon. Wata rana, tun yana raye, Malam mijin nata yana gwada abin ɗaukar murya, bai san ya kama ba. Ana jin ya yi gyaran murya ya ce, "Ana ji na kuwa?" Sai ya ɗaga murya zuwa cikin gida: "Ke Uwar Hansai, ina jin ƙauri, miyarki ta kama!" Sai dariyarsa, sai shiru. Shi ke nan abin da ya rage na muryarsa a duniya. Autarta ce ta nuna mata inda za ta danna, kafin a kai ta ɗakin miji can Kudu. Tun daga nan, in ta idar da la'asar kuma aka yi sa'a akwai wuta, sai ta tura ƙyauren zaure ta kunna, ta amsa masa a hankali, "Na ji, Malam." Wani lokaci har takan leƙa madafa, alhali ba ta ɗora komai ba. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Tsoronta kada a ce ta kasa tawakkali, ko a ce tsohuwa ta fara taɓuwa.

Ana nan sai kwamfuta ta fara wani ƙas-ƙas daga ciki, tana ɗaukewa a tsakiyar dariyar. Matar ta naɗe ta da zane ta kai wa wani dattijo mai gyara a bakin kasuwa, wanda aka sani da riƙon amana. Ta tarar bencinsa cike da mazan unguwa, har da aminin marigayin. Mai gyara ya kasa kunne ya saurari ƙarar, ya ce faifan ajiyarta ne ya tsufa, sai an canja. Sannan ya dube ta ya ce, "Hajiya, akwai abin da kike so a kwashe miki daga ciki?" Ta dubi benci, ta ga idanu, ta ja mayafi ta ce, "Babu. Tarkacen takardun mutane ne. Ka dai sa ta tashi." Ya sake tambaya, ta sake cewa babu, ta yi sallama ta tafi. A zatonta in akwati ya warke, murya na nan inda take. Shi kuwa ya yi aikinsa yadda ya saba. Ya zare waya daga bango, ya dakata wutar da ta maƙale a ciki ta huce, don ya san irin waɗannan ko an kashe su suna iya fizgar mutum. Ya dafa ƙarfen ƙofa da tafinsa don ya sauke ɗan lantarkin jikinsa kafin ya taɓa cikinta. Ya kwance notuna ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a murfin gwangwani, ya hure ƙurar shekaru daga fanka, ya ciro tsohon faifan, wani ɗan akwatin ƙarfe da bai wuce tafin hannu ba, ya sa wani. Kuma yana da wata ɗabi'a da ta sa ake yabonsa. Duk faifan da mai shi ya ce ba ya so, ba ya bari ya faɗa buhun masu sayen ƙarafa da asirin mutane a ciki. Sai ya ɗora shi a kan dutse, ya kafa masa ƙusa, ya buga har ta ɓullo ta ƙasa. Haka ya yi wa wannan, da bisimillarsa.

Matar ta dawo ta karɓi kayanta, ta koma gida, ta tura ƙyaure, ta kunna. Kwamfuta ta tashi garau, ba ƙara ba gardama. Ta danna inda ta saba dannawa, ba kowa. Washegari ta riga masu benci zuwa, kuma a ranar ta faɗi abin da ta ɓoye, duka, har da miyar. Dattijo ya laluba ƙarƙashin tebur ya miƙo mata faifan da hujinsa. Ya ce, "Jiya yana da sauran numfashi, Hajiya. Da kin faɗa, da kafin ki gyara zama na kwashe miki. Ai na tambaye ki." Ta ce, "Ka tambaye ni." Ba ta ga laifinsa ba, don amanar da ta ba shi ita ya riƙe. Ta ƙulle ƙarfen a bakin mayafinta ta tafi. Har yau kwamfutar na zaure, lafiyarta lau, ba mai kunna ta. In matar ta idar da la'asar takan yi wa Malam addu'a, ta zauna tana laluben dariyar nan a cikin kanta, kullum kuma sai ta ji ta ƙara nisa.

Wanda ya zo neman magani ya ɓoye wa mai magani inda ke ciwo, ko mai gaskiya ya samu sai ya yi asara. Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.